Uku a Jikin Kwali, Biyu a Ciki

Alhaji Salihu, kai da ɗanka Ikrima kuka nakasa Usaini. Shan-inna ta taɓa masa ƙafar hagu tun yana ɗan shekara uku, amma ta bar shi yana tafiya, ya girma, ya yi aure, yana ciyar da iyalinsa. Abin da ciwo bai yi masa ba a shekara talatin da biyar, ku kun yi masa shi a wata biyu, kuma har yau kuna zama a ƙofar gida kuna amsa gaisuwa kamar ba a yi komai ba.

Ni ce Barira, mahaifiyar Usaini, matar ƙaninka marigayi, mai injin markaɗe a ƙofar gida. Ban yi boko ba, a allo ma ban yi nisa ba. Malama Hapsatu ta Islamiyya ce take rubuta mini, na kuma ce mata duk inda ta ji bakina ya yi kaifi ta bar shi yadda yake. Na faɗi maganar nan a zaure ka ce in shiga ciki. Na faɗe ta a tsakar gida aka ce tsufa ne. To ga ta a takarda, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Motar haya ce ta gidanmu, tana ɗaukar fasinja daga Birnin Kudu zuwa Gwaram ta dawo. Shekara goma sha ɗaya Usaini yana jan ta. Da yake ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta, tun ranar da ya karɓi makulli ya sa aka sassaƙa masa ɗan katako aka ɗaure a kan abin taka kuloci, don ƙafar ta riƙa kaiwa ba sai ya zame daga kujera ba. Duk tasha an san katakon nan. Ya yi sumul saboda taku, har wurin babban yatsansa ya fito a jiki. A shekarun nan babu wanda ya taɓa cewa katakon ya ɓata wani abu.

Bana da damina ta ja, motar ta fara santsi. Yana ba ta wuta sai inji ya yi ta ihu, ita kuwa tana tafiya kamar an riƙe ta. Usaini ya ce kuloci ne ya cinye, lokacinsa ya yi, zai kai ta wurin Malam Hamisu a Gwaram, tsohon bakaniken da ya saba yi mata aiki. Kai ka hana. Ka ce ga bakanike a gida, Ikrima ya gama koyon aiki a Kano ya dawo ka buɗe masa gareji a bakin titi, ina dalilin kai wa bare. Usaini bai yi musu ba. Bai taɓa yi maka musu ba, kai ma ka sani. Ka aika Kano aka sayo sabon kaya cikin kwali, aka kai motar garejin Ikrima, ta kwana biyu.

Al'adar bakanikai ce, in sun sa sabon kaya sai su zuba wanda suka cire a cikin kwalin sabon su ajiye a but, bayan mota, don mai mota ya ga shaidar an canja. Da Usaini ya dawo da motar sai ya miƙo mini kwalin, don ya san ina tara tsohon ƙarfe. Na tura shi bayan injina ban ko leƙa ba.

Washegari da safe ina share wurin inji, ban tayar ba tukuna, Usaini ya shiga ya kunna mota. Yana taka kuloci don ya sa giya sai na ji wani kuka, siriri, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Na ajiye tsintsiya na ce ya sake takawa. Ya taka, kukan ya zo. Ya ɗaga ƙafa, ya ɗauke. Na sa ya yi sau huɗu, duk haka.

Na ce masa, “Wannan boris ne yake kuka.”

Ya yi dariya ya ce, “Inna, yaushe kika zama bakanike?”

Na ce shekara ashirin da bakwai ina zaune da inji. Ban san sunan komai a cikin mota ba, amma kukan boris da ya gaji, zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya, wanda babu sauran giris a cikinsa, ko a cikin hayaniyar biki na ji shi zan gane. Ya daina dariya, ya ce shi ma abin da ya zo masa kenan, sai dai ai boris ɗin sabo ne, tare da sauran kayan yake zuwa. Ya ce zai biya ta wurin Ikrima.

Ikrima ko fitowa daga ƙarƙashin motar da yake gyarawa bai yi ba. Daga can ya ce sabon kaya haka yake, sai ya zauna, a ba shi mako. Aka ba shi mako. Kukan bai zauna ba, ƙaruwa ya yi. Da Usaini ya koma, sai maganar ta canja. Ikrima ya leƙa wurin ƙafar direba, ya ga katako, ya miƙe yana kaɗa kai kamar ya gano ɓarawo. Ya ce ga abin nan. Wai katakon yana da nauyi, kuma ƙafar Usaini ba ta da ƙarfin ɗagawa, a kan kuloci take kwana tun daga Birnin Kudu har Gwaram, shi ya sa take cin kaya. Wai ma ita ta cinye na farko.

Da yamma Ikrima ya zo ya faɗa maka a ƙofar gida, mutane na zaune a tabarma. Ina jin ku daga wurin inji. Usaini ya ce, “Baba Alhaji, wallahi ina sa giya nake sauke ƙafata ƙasa. Kuma tun ranar farko take kukan nan, kafin in yi tafiya ko ɗaya.” Ka ce masa shi direba ne, Ikrima ne ya yi karatun abin, kowa ya tsaya inda ya sani. Ka ce a cire katakon. Ikrima ya ɗauko sifana ya kwance shi a gaban jama'a, ya wurgo shi gefen kwata. Ni na je na ɗauka, na wanke, na ajiye.

Daga ranar Usaini yake jan mota ba katako. Don ƙafar ta kai, sai ya zame gaba, ya karkata ƙugu, ya taka da kan yatsu. Wanda ya san hanyar nan ya san sau nawa ake canja giya, ga ramuka, ga shanu, ga masu tsayar da mota kowane ƙauye. Kwana uku idon sawunsa ya kumbura. Mako guda, in ya dawo sai ya daɗe a cikin mota kafin ya iya fitowa. Matarsa Murja ta riƙa dafa ruwa tana gasa masa ƙugu da tsumma, tana shafa man zafi, ni ina jin warinsa daga ɗakina. Da ya zo sallah sai ya daina iya zaman tahiya, yana miƙe ƙafar gefe kamar dattijo.

Kukan kuwa bai san an cire katako ba. Ya tashi daga siriri ya koma gurnani, har abin takawar yana rawa a ƙarƙashin ƙafa. 'Yan kamasho a tasha suka sa masa suna Mai Jiniya. In ya shigo sai su ce a ba da hanya, ga manya sun iso. Yana dariya tare da su, don ba shi da yadda zai yi. Fasinja suka fara cewa su za su jira ta baya. Wata mata ta sauka da buhunta bayan an gama lodi, ta ce ita ba za ta shiga motar da take kukan mutuwa ba.

Na same ka a zaure na ce abu ɗaya nake roƙo. Ƙafafunka biyu lafiya lau suke, ka shiga ka taka kulocin nan da kanka, in bai yi kuka ba na yarda ƙafar Usaini ce. Ka ce kai ba direba ba ne, kuma bai kamata mace ta riƙa shiga maganar mota ba. Na je wurin matarka Hajiya Zubaida, uwar Ikrima, don mun shekara talatin muna girki a murhu ɗaya. Ta ce shekara bakwai yaron nan ya yi a Kano yana koyo, har da takardar shaida, yanzu mai markaɗen tattasai ce za ta gyara masa aiki? Ta ce in yi haƙuri, kowa ya san Usaini yana da lalura, ba abin kunya ba ne, Allah ne ya yi shi haka.

Na tare Ikrima da kaina ran da ya zo cin abinci. Na ce ya shiga ya taka ina tsaye. Ya ce to Inna, tunda kin matsa. Ya shiga, ya kunna, ya danna totur har ƙasa inji ya cika unguwa da ƙara, sannan ya taka kuloci ya saki da sauri, ya kashe. Ya fito yana murmushi ya ce in faɗa masa me na ji. Na ce na ji ƙaryarsa. Ya ce Allah ya ba ni haƙuri, ya shige ciki.

A mako na huɗu Usaini ya sauke fasinja a Gwaram ya biya wurin Malam Hamisu, ba da saninka ba. Tsohon bai kwance komai ba. Ya sa aka bar motar a firi, ba a sa giya ba, inji yana aiki a hankali, ya shiga da kansa ya taka a hankali, ya saki, ya sake takawa yana karkata kunne. Ya ce da a ce in an saki ne take kuka, in an taka ta yi shiru, da sai a nemi ciwon a cikin giya. Amma tunda sai an taka take yi, to boris ne mai tura kuloci, babu wani. Usaini ya tambaye shi ko ƙafa tana iya jawo haka. Ya ce direban da ke ɗora ƙafa yana kashe boris, amma a hankali, cikin watanni, ba ranar da aka fito daga gareji ba. Ya ce ko dai sabon da aka sa marar kyau ne, ko kuma ba a sa ba, tsohon aka mayar, sabon murfin kuloci mai ƙarfi ya zo ya fi ƙarfinsa. Ko ma wanne ne, sai an sauke giya an duba, kuma kada ya ƙara ɗaukar mutane a haka.

Usaini ya kawo maka wannan magana da ladabi, yana durƙushe duk da ƙugun nan. Ba ka tsaya a kan boris ba. Abin da ka kama shi ne ya kai sirrin gida waje, ya je ya tozarta ɗan'uwansa a wurin bare. Ikrima ya ce Hamisu baƙin ciki yake yi don an ƙwace masa aiki. Ka ce motar ba za ta kwana ko ɗaya a ajiye ba, ga kaka ta zo, lokacin lodi ne, in Usaini ya gyara ƙafarsa kukan zai daina.

Kwana tara bayan nan, ranar kasuwa, Usaini ya taso daga Gwaram da la'asar, mota cike, har da mata biyu 'yan Fagam da buhunan riɗi a baya. A tsakiyar hanya, inda babu gari kusa, ya taka don ya rage giya a bakin wani rami. Wani abu ya yi ƙara a ƙasa kamar an zuba tsakuwa a inji, abin takawar ya tafi ƙasa bai dawo ba. Giya ta ƙi shiga, ta ƙi fita. Da birki da addu'a ya tsayar da ita a gefen gona. Babu wanda ya ji ciwo. Ka riƙe wannan, don ba ka taɓa ambata ba: mutum bakwai ya sauke lafiya.

Fasinja suka zazzage shi, suka tare wasu motoci suka tafi. Shi ya sauke buhunan nan, shi ya ɗora musu a wata motar, da wannan ƙafa. Aka jawo tamu da igiya zuwa tashar Birnin Kudu kafin magariba. Kai kana can kana jira, an riga an kira ka a waya. A gaban direbobi, da 'yan kamasho, da masu shayi, da shugaban tasha, ka miƙa hannu ka ce ya ba ka makulli. Mutum uku sun maimaita mini abin da ka faɗa, kuma bakinsu ɗaya.

Ka ce, “Na yi haƙuri da kai shekara goma sha ɗaya saboda zumunci. Mota ba ta gurgu ba ce. Kuloci biyu ƙafar nan ta cinye mini.”

Usaini ya sa hannu a aljihu. Ya ba ka makulli da hannu biyu. Da ƙafa ya taho gida, bai yarda kowa ya ɗauko shi a babur ba.

Aka mayar da motar garejin Ikrima, ya sauke giya ya yi abin da ya yi, ta fito shiru kamar sabuwa. Ka ba Ɗanladi, wani direba ɗan unguwarmu da ba shi da mota a hannu. Ranar da Ɗanladi ya fara fita, kuka tsaya a ƙofar gida kai da Ikrima, ya taka kuloci ba a ji komai ba. Ka juyo wajen injina ka ɗaga murya don in ji, ka ce to ga shi, an canja ƙafa kuka ya tafi. Mutanen tabarma suka gyaɗa kai. Ni kuwa na koma kan markaɗena.

Usaini ya zaga masu motoci uku yana neman wadda zai ja. Duk sun san aikinsa, biyu ma sun taɓa roƙonsa ya dawo wurinsu. Yanzu kowa sai ya kalli ƙafar kafin ya kalli fuskarsa. Ɗaya ya ce masa kai tsaye, in baffanka da ya riƙe ka ya ce kana cin kuloci, ni wa zan ƙaryata? Kai kuma ka tura shi gonar gida a Wurno ya riƙa tsaron riɗi da ɗaukar dami, wai don kada ya zauna haka. Mutumin da ƙugunsa bai warke ba. Ya daina bi ta tasha, in zai je kasuwa sai ya zaga ta bayan gari. Ya canja masallaci. Babbar 'yarsa ta dawo daga makaranta tana kuka, yara suna yi mata kukan jiniya.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ban iya haɗiyewa ba ya zo wata safiya. Na shiga sashensu na tarar da shi zaune a bakin ƙofa, ya naɗe wando, yana kallon ƙafar nan kamar yau ya fara ganinta. Na ce lafiya? Bai ɗago ba.

Ya ce, “Inna, ƙila ƙafar ce. Ƙila ina ɗorawa ban sani ba. Ai ba na jin ta sosai.”

Ni na goya shi zuwa asibiti lokacin zazzaɓin da ya ɗauke Hassan, ɗan tagwaicinsa, ya bar shi da ƙafa ɗaya da rabi. Ni na koya masa tafiya sau biyu. Ban taɓa jin ya zargi ƙafar nan ba, ko yana yaro ana tsokanarsa. Sai da kuka koya masa.

Bayan kwana biyu masu sayen tsohon ƙarfe suka zo unguwa da kurarsu. Na jawo kwalin nan daga bayan inji zan zazzage musu. Da na juya shi sai na ga hoto a jiki. Ban iya karatu ba, amma ina da ido. Abu uku aka zana: faifai, da murfinsa mai yatsu a tsakiya, da ɗan ƙaramin zobe a gefe, wato boris ɗin. Na leƙa ciki. Faifai yana nan, ya cinye har ƙusoshi sun fito. Murfi yana nan. Zobe babu. Na zazzage kwalin ƙasa, na duba bayan inji, na share wurin kaf. Abu biyu aka cire daga motar nan ranar farko, ba uku ba. Na sallami masu ƙarfe na ce na fasa.

Na jira Ɗanladi ya zo ajiye mota, na kira shi gefe. Na san yana garejin ranar da aka sauke giya karo na biyu, don kai ka ce ya je ya tsaya. Na nuna masa kwalin. Ya ce shi yana da 'ya'ya biyar, kuma bai nemi aikin nan ba, kiransa aka yi. Na ce ban tambaye shi 'ya'yansa ba. Washegari ya zo da markaɗen da ba ya buƙata, ya ajiye mini baƙar leda a ƙarƙashin bokiti. Ya ce tsohon zoben ne a ciki, a ƙasa ya tsince shi bayan Ikrima ya shure shi cikin juji, sabon kuma daga cikin akwatin kayan aikinsa Ikrima ya ciro shi, da ledarsa ba a ko yage ba.

Ya ce, “Inna, ni ban ba ki komai ba.”

Na ce na ji. Yanzu ga shi na kama sunansa, ya yafe mini. Ban ga hanyar da zan bi in tsallake shi ba.

Na ɗauki ledar na shiga motar Gwaram, ba tamu ba. Na tambaya aka nuna mini rumfar Malam Hamisu. Na gaishe shi na ce ni ce mahaifiyar Usaini, na miƙa masa. Ya goge abin da tsumma da fetur, ya juya shi a rana, ya kira ni in matso. Zoben ya tarwatse gefe ɗaya, ya yi baƙi, amma a bayansa akwai ɗigo biyu da aka buga da ƙusa. Ya ce hannunsa ne. Duk kayan da ya sa wa mota sai ya buga masa ɗigo biyu, don in an dawo masa da ƙorafi ya san nasa ne ko ba nasa ba. Ya ce shekara shida kenan da ya sa wannan, lokacin da ya yi wa motar kuloci na baya. Ya ce boris ya yi shekara shida a motar haya a hanyar nan, wannan direban ƙafarsa ta fi ta masu ƙafa biyu tsabta. Ya ce ko gaban wa aka kira shi zai maimaita.

Na dawo na jera su a tire: faifai, murfi, zobe, na ɗora kwalin a gefe, da katakon Usaini. Na same ka a zaure kai kaɗai bayan azahar na ajiye a gabanka. Na zaci za ka yi musu, na shirya wa musu. Sai ka kalli tiren, ka kalli ƙofa ko akwai mai zuwa, ka sassauta murya.

Ka ce, “Barira, na sani. Yaron ya faɗa mini tun ranar da ya buɗe ta karo na biyu. Mantuwa ya yi, ya ɗaura giya sannan ya ga sabon a gefe, ya ji nauyin sake saukewa.”

Na ce to me ya hana ka faɗa?

Ka ce garejin sabo ne, yanzu mutane suka fara kawo masa aiki, in wannan magana ta fita ya mutu kenan a garin nan. Ka ce Usaini ɗan gida ne, mai haƙuri ne, ba zai rasa abinci ba muddin kana raye. Ka ce in bari kaka ta wuce, maganar ta kwanta, za ka san abin da za ka yi masa, ko shago ka buɗe masa inda zai zauna ya huta da ƙafar. Ka ce in rufa wa gida asiri, ni babba ce.

Wato ka sani ranar da ka tsaya a ƙofar gida ka ce an canja ƙafa kuka ya tafi. Ka sani duk safiyar da ka ga ya ɗingisa ya tafi Wurno. Ka auna ɗanka da ɗan ƙaninka, ka ga wanda ba shi da uba ya fi sauƙin ɗauka, kuma ga ƙafa a shirye da za a rataya wa laifi, kowa zai yarda. Mantuwa ba ta dame ni ba, ni ma na sha mantawa da gishiri a miya. Da Ikrima ya ce na manta tun makon farko, aikin yini ɗaya ne, babu wanda zai ji. Ku kuka zaɓi ku bar mutum bakwai a kan hanya da abin da kuka ji yana kuka, kuka zaɓi ku kwance wa mutum katakonsa a gaban jama'a.

Na nuna wa Usaini zoben da ɗigo biyun. Ya riƙe shi ya duba, sannan ya ce in bar maganar, Baba Alhaji ne ya riƙe mu. Shi zai iya bari, haka aka yi shi. Ni ba zan bari ba. Riƙon da ka yi mana, Usaini ya biya shi da shekara goma sha ɗaya a kan sitiyari, ba fashi sai ranar sallah.

Ba shago nake nema ba, kuma ba na son a zo a lallaɓa a ba shi makulli a ɓoye ana cewa an tausaya masa. A tasha ka faɗi maganarka, a tasha za ka janye ta. Ka zo da Ikrima ranar kasuwa da hantsi, lokacin da direbobi suke cike, a gaban shugaban tasha da masu shayin da suka ji ta farko. Malam Hamisu ya ce zai zo. Ni zan kawo tire. Ikrima ya ɗaga zoben nan ya faɗa da bakinsa wanda ya bar shi a cikin mota, kai kuma ka faɗi tun yaushe ka sani. Sannan ya ɗauki sifanar da ya kwance katakon nan da ita, ya durƙusa ya mayar da shi inda ya same shi.

Na ba ka zuwa kasuwa mai zuwa. In ba ku zo ba, ni zan je, in shimfiɗa tabarma a bakin tasha da tirena, duk wanda ya zo shiga mota in nuna masa uku a jikin kwali, in nuna masa ɗigo biyu, in gaya masa sunan garejin. Ka ce ni babba ce. To babbar tana tambayarka, Alhaji Salihu, kuma a gaban mutane take son amsa: me ƙafar Usaini ta yi maka?